Sandar Dalma a Hannun Malam

Litinin, 3 ga Maris

Malam ya sake ƙonewa. Shekara ashirin da shida yana narka dalmar tsofaffin batura yana zuba wa masunta nauyin raga, bai taɓa sa safar hannu ba. Da hannu yake riƙe sandar dalmar, ya tsoma bakinta a tukunya. Can tana narkewa, nan wajen yatsunsa sanyi ƙalau, sai zafin ya taho a hankali ya saki. Yau bai saki ba. Ni na ji ƙauri daga wajen wanki.

Alhamis, 6 ga Maris

Likita ya ce dalmar ce ta shiga jininsa ta kashe jijiyoyin hannun. Wai ya bar aikin. Malam ya ce, “To likita, in koma yankan farce?” Shi kaɗai ya yi dariya.

Asabar, 15 ga Maris

Auta ta zo daga jami'a da littafinta. Wai dalma ba ta kai zafi da sauri, jan ƙarfe ya ninka ta wajen sau goma. In ta ɗau zafi ta ƙara nawa, in ta narke kuma sai saurin ya koma kusan rabi. Ta ce, “Shi ya sa take yaudararka, Baba.” Ya ce, “Wa ya aike ki ki karanto mini abin da yatsana ya sani tun kina goye?” Ta yi kuka a bayan ƙofa. Ban shiga ba.

Laraba, 26 ga Maris

Cokali ya faɗi daga hannunsa sau biyu. Na yi kamar ban gani ba.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Na tofa masa addu'o'in da na sani duka, na shafa masa a tafin hannu. Ya ce bai ji ko danshin ba. Allah na tuba, raina ya yi rauni.

Masunta sun aiko neman nauyin raga, ruwa ya kusa. Ba wata sana'ar gare mu ba. Na same shi zaune gaban murhu yana kallon sandar. Na ɗauka na riƙe. Ya ce, “Malama, ba aikinki ba ne.” Bai karɓa ba dai. Hayaƙin yana da wani zaƙi-zaƙi a maƙogwaro.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Yanzu na iya. Sandar safe tana daɗewa kafin zafi ya iso, ta rana kuwa sai ka yi hattara. Malam ya ce hannuna ya fi nasa na da.

Auta ta kira. “Umma, Baba ya daina?” Na ce ya daina riƙewa. Ba ƙarya na yi ba, na auna maganar kafin ta fita. Ta yi ta hamdala, na bar ta.

Wajen alwalar la'asar na ga bororo a babban yatsana. Ban tuna sanda na ƙone ba. Wataƙila hankalina ne yana wani wuri.