Furar da Baba Ya Sha Kafin Aiki

Sara, Gwaram
Litinin

Zuwa ga Yayana Musaddiq,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti Mansura da yara. Yaya aiki, yaya Kaduna? Na zaɓi takarda ne don ka san gidan nan ba a waya a ɓoye, kunnen Inna ya fi na kowa.

Likitocin aikin kyauta sun sauka a ƙaramin asibitin garinmu, kuma sunan Baba ya shiga cikin masu ƙaba. Sun ce tasa ta girma, sai an sa shi barci gaba ɗaya. Ka ga murna wurinsa, wai zai warke kafin ruwan shuka.

Sai dai har yanzu ba a taɓa kowa ba. Mai sa barcin, wata Malama Kubra, ta kafe ba za ta kwantar da mutum ba sai tukunyar oksijin ta biyu ta iso daga Birnin Kudu, an gwada injin zuƙe amai, an tanadi wani janareton, motar asibiti kuma ta tsaya a bakin ƙofa da mai a cikinta. Ta ce nan ba babban asibiti ba ne, in numfashin mutum ya tsaya babu ɗakin da za a ruga a aro kaya. Mutane sun wuni gindin darbejiya suna tsaki, ni ma na yi nawa.

Da yamma ta tara mu masu jinya, ta ce mara lafiya kada ya ci komai tun daren jajibirin aikinsa. Wai in barci ya ɗauke mutum da abinci a ciki, yana iya tasowa ya gangara huhu, shi bai sani ba. Tun da na ji haka na kasa zama wuri ɗaya. Ran Alhamis ne aikin Baba, kuma ranar likitocin za su tashi. Ka sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Nasiha

Sara, Gwaram
Asabar

Yayana,

Sallama da gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. Na san Inna ta gaya maka ba a yi aikin ba. Ban san ko ta gaya maka ni ce sanadi ba.

Ran Alhamis da sassafe na shiga ɗakin Baba ɗaukar masa hula, sai na tarar yana share baki, Inna riƙe da ƙwarya. Ashe rubutu ta karɓo masa wurin Malam Badamasi don a tashi lafiya, ta ga ba za ta ba shi haka gayansa ba, ta dama a fura da nono, ya shanye tas. Da na yi magana ta ce ai wannan ayar Allah ce, ba abinci ba. Baba kuma ya kalle ni, irin kallon nan da ka sani, ya ce kada ya ji zancen a waje.

Yaya, ban san yadda na kai asibitin ba. In zauna, in miƙe, in leƙa taga, in dawo. Ina ganin in na yi shiru wataƙila ba abin da zai faru, ya warke ya riƙe fartanyarsa. Sai kuma in tuna huhu. Malama Kubra ta fito ta tambaye shi ko ya ci wani abu, ya ce ko ruwa bai kurɓa ba. Har an sa masa koriyar riga, ya kama hanyar ɗakin aikin, na ji bakina ya buɗe:

"Malama, Baba ya sha fura da safen nan."

A gaban dattawan gari na ƙaryata mahaifina. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce sai cikin ya sauka, kuma kafin nan oksijin ɗinsu ba zai kai ba, motar asibitin ma za ta bi likitocin in sun tashi, ita kuwa ba ta sa mutum barci ta tafi ta bar shi ba mai tsaron farkawarsa. Ta rubuta masa takardar zuwa Birnin Kudu. Baba ya tuɓe rigar, ya ninke, ya wuce gida shi kaɗai yana dafe da mara.

Jiya hadari ya haɗu ta gabas, kowa na gyaran iri, shi yana zaune a zaure. Inna na ta kuka tana cewa ita ta ja. Ni ko barcin kirki ba na yi, kuma raina a ɓace yake, da su, da kaina. Don Allah ka nemi hutu ka zo ka kai shi, maganarka yake ji.

Yau ma na durƙusa na gaishe shi, ya kau da kai. Ya yi mini ciwo ƙwarai, har na yi hawaye a madafa. Amma Yaya, ko ba komai da ransa ya ƙi amsa mini, kuma gobe ma zan je in gaishe shi.

Ka gaida Anti da yara.

Taka har kullum,
Nasiha