Hankicin Da Bai Faɗo Ba

Zuwa ga Kawu Bitrus,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana hutawa a inda agogo ba ya tashin kowa. Ni ne Danjuma, ɗan ƙanwarka, daga unguwar Plumstead a London. Gwiwa tana ciwo, rana kuwa sai dai a hoto. Amma yau ba ƙorafi ya kawo ni ba.

Ka rasu kana gaya wa mutanen Kafanchan cewa ɗanka yana gidan wasan kwaikwayo a London. Ba ƙarya ka yi ba. Ina duba tikiti, ina nuna wa mutane kujera da banɗaki. Na yi furfura a bakin ƙofar nan, ban taɓa taka dandamalin ba sai ranar da aka aike ni ɗauko laimar da wani ya manta.

A zauren shiga akwai hoton wanda ya gina gidan, tun zamanin da doki ke jan motar haya a garin nan. Ma'aikata suna ce masa Maigida. Na daɗe ina jin haushinsa: yana bango cikin alkyabba, hanci a sama, ni ina ƙasa a tsaye. Da na ji labarinsa sai na sauko. Ɗan mai gyaran takalmi ne. Ya yi shekaru yana bin ƙauyuka da 'yan wasa, yau shi ne sarki, gobe shi ne gawa, jibi shi ke ɗaukar akwati. A wani gari har kabeji aka jefe shi da shi. Da ya samu gidan kansa, shi ne jarumi, shi ne manaja, shi ke faɗa da tela. An ce masifaffe ne, amma ba ya cin abinci sai yaransa sun ci. Kawu, da na cire masa alkyabbar a raina, kai na gani, zanen gado a kafaɗa, kana mana tsawa a bayan coci muna koyon wasan kwaikwayo.

A lokacinsa babu makirfo. Sai ya riƙa tura mai wankin kayan wasa ta zauna a kujerar ƙarshe ta benen sama, da hankici a hannu. In ba ta ji maganar ɗan wasa ba, ta sake shi ya faɗo. Wanda hankici ya faɗo masa, ya koma ɗaukar akwati.

Ka tuna Kaka Saratu? Kunnenta ya yi nauyi, kai kuwa a bencin baya kake zaunar da ita duk ranar gwaji, ruwa yana dukan kwano. Kakan ce mana, "In Saratu ba ta yi dariya ba, ba ka yi magana ba." Har yau haka nake magana, a bas mutane suna matsawa.

Bana sai aka ce ana neman wanda zai sa alkyabbar Maigida a ƙarshen mako, ya zagaya da baƙi yana ba su labarinsa. Na sa sunana, ina cewa a raina za su yi min murmushin nan nasu su ba wani. Amma na san in wannan ta wuce ni, da gwiwar nan, ba wata kuma.

Manajarmu ta ce za a gwada mu yadda Maigida yake gwada yaransa. Ta hau bene da hankici.

Na fito, na ga kujeru fayau, sai Turancin da na haddace ya gudu. Abin da ka dasa mana ne ya fito: ba a fara wasa ba a gai da jama'a ba. Na buɗe maƙogwaro na yi wa gidan barka da zuwa da Hausa, na tsaya jiran amsa. Kawu, a nan ba a amsawa. Amma Hajiya Fati, 'yar Ghana mai shara, tana can ƙurya a sama. Ta kashe injin shararta ta amsa, har da tambayata ya gida, ya yara. Manaja ta yi dariya, da hankicin ta share hawaye. Turanci ya dawo da kansa. Na kai ƙarshe, hankici bai faɗo ba.

In faɗi gaskiya, wata budurwa ta fi ni iya lafazin Turawa. An ba ta Lahadi, kuma ta cancanta. Asabar tawa ce. Alkyabbar ta ɗage min, takalmin yana matsi, amma wa ya tambaye su?

'Yata Rifkatu ta yi booking ɗin kujera, wai a gaba za ta zauna. To, ta zauna abinta. Ni benen sama zan riƙa kallo. Ka zo da wuri, Kawuna, ka riƙo hannun Kaka Saratu, matakalar tana da tsayi.

Allah ya ba ka hutawa, ya ba ta, ya ba Maigida ma, in mu masu sa alkyabbarsa mun bar shi ya yi shiru. Ni kuma ya bar min murya.

Ɗanka mai ƙaton baki,
Danjuma