Itacen da Baba Ya Kawo Cikin Takalmi

Roscoff, 9 ga Fabrairu

Mamana abar ƙaunata,

Ina gaishe ki da kyau da kyau. Yaya ƙugun, ya fara yarda ki taka? Ina fata yaya Katell da kike jinya a gidanta ba ta hana ki man shanu ba.

Mama, na yi ɓarna, gara ki ji daga bakina. Dogon shingen nan na gefen teku na rage shi zuwa ƙirjina, wai don ki riƙa hango jiragen ruwa daga gado in kin dawo. Kwana uku iskar teku tana shigowa da gishirinta. Itacen jikin bango, wanda marigayi Baba ya kawo miki a tafiyarsa ta ƙarshe, ya ƙone ƙurmus, ganyen ya koma kamar na shayi.

Maƙwabciyarki Soaz ta leƙo ta katanga ta ce, "Kai ɗan Paris! Shekara talatin uwarka tana tare iska, kai ka buɗe mata ƙofa da yamma ɗaya?" Na ɗauko zarto zan sare busassun rassan, tsohuwar nan ta fizge shi. Wai ba a sa ƙarfe a jikin itacen da ba a san sunansa ba, don wani in an sare shi ya tofo, wani kuma shi ke nan. Ta kankare ɓawon da farce, sai ga ɗan kore a ciki. Ashe da sauran rai a jikinsa.

Don Allah mene ne sunansa? Na duba littattafanki ban same shi ba, kuma tsoro nake ji ya mutu a hannuna.

Ɗanki mai neman gafara,
Gwenole

Roscoff, 21 ga Mayu

Mama,

Gaisuwa da fatan sandar ta daina ba ki haushi.

Ashe ke ma ba ki san sunansa ba! Cikin takalminsa na roba Baba ya kawo shi, ba takarda ba komai, amma kika gano ruwan sama kaɗai yake so, kuma ba ya son rana a saiwarsa. Kallo kawai ya koya miki wannan? Kai, Mama, na sara miki.

Soaz, duk da ciwon gwiwarta, ta hau jirgin ruwa da reshe a jaka ta kai wa mai kula da lambun tsibirin nan na kusa da mu. Ya ce ɗan ƙasar Chile ne, itacen fitilu ake kiransa, kuma yana jure sara in sanyi ya wuce. Muka kafa masa zana, muka jira Afrilu, muka sare busassun rassan.

Ba zan ɓoye miki ba, fiye da rabinsa ya tafi. Amma reshen da ya jingina da bango ya rayu, yau furanni uku jajaye ke lilo a jikinsa. Na yi kuka, Soaz ta ce in bar shayar da shi ruwan gishiri, wanda ya sha ya isa.

Sannan ta ja ni zagayen unguwa. Gida tara na ƙirga da itacen nan, duk daga rassan da kika yi ta rabawa, kuma kowa "jan Annaig" yake ce masa, da sunanki. Da labarin ɓarnata ya bazu, tukwane bakwai na dashen itacen aka ajiye mana a ƙofa, har da na mai kawo wasiƙa.

Asabar zan zo in ɗauke ki. Ki nuna mini da sandarki inda zan haƙa, ba na ƙara taɓa ko ciyawa sai kin ce.

Ki gaida yaya Katell.

Ɗanki,
Gwenole