Mijina Ba Ciwon Kai Yake Ba

Zuwa ga Majo, shugaban gidan likita na garinmu, a ƙasar Dungas.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, ina neman afuwa, domin maganar da na kawo ba irin wadda mace mai jikoki take yi a bainar jama'a ba ce. Ban sa sunana ba, ban sa na garin ba, saboda sirrin maigidana. Majon da ya ji ya tsargu, da shi nake.

Ranka ya daɗe, mijina ba ciwon kai yake ba. Tun damanar bara yake zarya wurinku, kowane zuwa da parasetamol yake dawowa, har na tara wanda zai ishi unguwa. Abin da ke damunsa rauni ne na ɗa namiji, irin wanda matar mutum kaɗai take sani. Ni ce matar, na kuwa sani.

Abubuwa uku ne suka sa na rubuto. Na farko, teburin yankar tikiti yana cikin rumfa, a bakin layi, kuma ƙa'idarku sai mutum ya faɗi ciwonsa a nan kafin a nuna masa ɗakin da zai shiga. Mai zama a teburin kuwa mijin 'yarmu ta fari ne. Yaron kirki, har ƙasa yake durƙusawa, sannan ya ɗaga murya yadda na ƙarshen layi zai ji, ya ce, "Baba, yau kuma mi ke damunka?" Majo, kai ma ɗan Hausa ne. Mutumin da ba ya iya cin tuwo a gaban surukinsa, wannan maganar zai faɗa masa? Ga liman a kan benci, ga mai kitson unguwa wadda ta fi rediyo saurin kai labari. Sai Malam, maigidan nawa, ya dafe goshi ya ce ciwon kai ne.

Na biyu, ni ma na gwada tawa dabarar. Na je wurin Madam ungozoma, na yi ta kewaye-kewaye har na iso kan magana. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Haba Inna, ke da jikoki? Ai sai tasbaha." Ina da tasbaha, ina kuma ja. Amma ban taɓa jin malamin da ya ce in an yi jika aure ya ƙare ba.

Na uku shi ne ya kusa mayar da ni mai takaba. Da kuka yi shiru, mai maganin kasuwar Dogo-Dogo bai yi ba. Da lasifika yake bayani dalla-dalla, har da abin da ba a tambaye shi ba, kuma shi ba ya titsiye kowa. Malam ya sayo wasu jajayen ƙwayoyi ya haɗa da tsimi. Abin da ya tashi bugun zuciyarsa ne kawai. A kan kabu-kabu aka kai shi Magariya, ana riƙe da shi ta baya kamar buhun gero. A can asibiti lokotoro, wato babban likita, ya rufe ƙofa, ya zaunar da mu mu biyu, ya auna jini. Ya ce ciwon sukari ne ya daɗe yana cinsa, shi ya taɓa wancan wurin, kuma in ana bin magani akwai sauƙi. Sai dai ya ce Malam ya riƙa zuwa wurinku kowane wata, yana gaya muku yadda sukarin yake da yadda wancan lamarin yake. Malam ya ce ko da igiya ba za a mayar da shi gaban teburin nan ba.

Yanzu ya naɗe shimfiɗarsa ya koma zaure, wai ɗaki zafi, a tsakiyar sanyi. Makon jiya ya ce da ni, kansa a ƙasa, in ina so zai sawwaƙe mini, kada ya shiga haƙƙina. Nan dariyata ta ɗauke. Na ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa fiye da yadda zan iya rubutawa.

Roƙona kaɗan ne. A daina tambayar ciwo a rumfa, a yi ta a ɗaki mai ƙofa. A ba miji da mata damar shigowa tare. In kuna faɗakarwa a kan sauro da rigakafi, ku ƙara da cewa wannan ma ciwo ne, yana da magani, ba asiri aka yi wa mutum ba. Surukina kuwa kada a taɓa masa aiki, don 'yata ce za ta ji a jikinta. A bar shi da yankar tikiti kawai.

Allah ya ƙara ma ɗaukaka, ya ba ka lafiyar da Hajiyarka ba za ta taɓa rubuta irin wannan wasiƙa ba. Malam ya ba ni lokaci in yi shawara, na kuwa gama: ba inda za ni. Ku dai ku taimake ni in dawo da mijina daga zaure.

Wassalam.

Daga wata matar aure, ƙasar Dungas.