Shinkafa a Kwandon Shara

Cennai, Indiya
Lahadi, 9 ga Fabrairu

Zuwa ga mahaifina Malam Haliru, Ƙaura Namoda.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida. Na san ba ka sauraren saƙon murya, shi ya sa na rubuta da hannu. Zan tura hoton takardar a wayar ƙanwata Fauziyya, in sabis ya yarda.

An sa ranar Asabar za a yi wa maigidana Hayatu aikin zuciyar. Amma dokar asibitin ita ce mu kawo mutum huɗu su ba da jini zuwa ranar Alhamis, in ba haka ba a ɗaga aikin mako uku. Baba, Hayatu ba shi da mako uku. Matakala uku ba ya iya hawa sai ya zauna. An gwada nawa jinin, an ce ni ma da ƙyar yake isata. Mutum ɗaya na sani a garin nan, kuma na ɓata mata rai.

Sunanta Mama Saroja, ita ce mai gidan da muke haya, tsohuwar malamar makaranta ce, mijinta ya rasu. Addinin Hindu take yi. Duk lokacin da na fito alwalar asuba sai in tarar da ita tana shirya furanni a zare, ta kai ɗakin bautarsu da ke ƙarshen layi. Ta ce shekara talatin da huɗu ba ta taɓa fashi ba. In za ta dawo sai ta riƙo shinkafa da aka dafa da madara da mazarƙwaila a ɗan ƙoƙon ganye, ta ƙwanƙwasa mana ƙofa. A gaban gunkinsu ake fara ajiye abincin, sannan a raba.

Na san ba zan ci ba. To amma da wane ido zan mayar wa tsohuwa da hannunta? Sai in karɓa da hannu biyu in yi godiya, in ta juya in naɗe a jarida in sa a kwandon shara. Kashegari in ta tambaya in ce ya yi daɗi. Kwana goma sha tara ina haka.

Shekaranjiya hankaka ya yaga ledar shararmu a bakin ƙofa. Na fito na same ta durƙushe, da ciwon gwiwarta, tana tsintar shinkafar da yatsu a cikin ƙayar kifin da muka ci, ita da ko taɓa kifi ba ta yi. Ta kai gindin bishiya ta zuba. Tun ranar ba ta sake ƙwanƙwasa ƙofa ba.

Kunya ta ishe ni, tsoro ya fi ta. In je in roƙe ta ta nemo mana masu jini, ko in rufe bakina? Kuma laifi na yi da na ƙi ci? Ka gaida Inna, a ci gaba da yi mana addu'a.

'Yarka mai biyayya,
Rumaisa'u

Ƙaura Namoda
Litinin, 10 ga Fabrairu

Zuwa ga ɗiyata Rumaisa'u.

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Muna lafiya, muna gaishe ku, Allah Ya tashi kafaɗun Hayatu. Yayansa Armiya'u ya zo daga Shinkafi jiya, an yi saukar Alƙur'ani.

Da aka karanta takardarki, Innarki cewa ta yi, “Wai garin ga babu kaji? Mi ya hana ta ba su?” Kin ji fatawarta, ga tawa.

Ƙin cin da kika yi daidai ne, ko gobe kada ki ci. Amma “ya yi daɗi” sau goma sha tara, wannan ba addini ba ne, ƙarya ce, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne, har hankaka ya san ƙarshensa. Zubar da abinci a shara ma ba a gidana kika koya ba. Sai dai ina da nawa kason a laifin. Mu muka tarbiyyantar da ku cewa ba a ce wa babba a'a, muka manta ba mu gaya muku akwai ƙasar da a'a ta fi na gode mutunci ba.

Ki je ki same ta. Ki faɗa mata dalilin da ya sa ba kya ci, ba tare da kin zagi abin da take girmamawa ba, ki ba ta haƙuri a kan ƙaryar da zubarwar. Amma kada ki ambaci jini, ko a wannan zama ko bayansa, sai in ita ta tayar da maganar. Tuban da aka ɗaura wa roƙo a wutsiya ciniki ne, kuma tsohuwar malamar makaranta za ta gane.

Na san Alhamis gata ce. Na san nauyin abin da nake cewa ki yi. Ki roƙi Wanda ake roƙo, mu ma muna kai.

Allah Ya yi miki albarka.
Mahaifinki,
Haliru

Cennai
Lahadi, 16 ga Fabrairu

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Inna. An yi aikin jiya, awa shida. Hayatu ya farfaɗo, tambayarsa ta farko ita ce ko an yi wa shanunsa allura a Shinkafi. Alhamdu lillahi.

Ranar Talata na je na same ta kamar yadda ka ce. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, “Da kin ce ba kya ci, da na kai wa wani, shi ke nan. Ni furanni nake kai wa ubangijina, shi kuma wannan yake maido mini. Amsarsa ce kike zubarwa.” Na ce ta yi haƙuri. Ta gyaɗa kai ta ci gaba da zarenta. Na tashi ban ambaci jini ba.

Laraba shiru. Na zagaya harabar asibiti ina tare mutanen da ban sani ba, kowa ya girgiza kai ya wuce. Ka yafe mini, Baba, ranar na ji haushinka ƙwarai. Na ce kana can kan buzunka kana gyara mini tuba, ni kuwa ina nan ina kallon leɓen mijina yana baƙi.

Alhamis da hantsi aka ƙwanƙwasa. Ita ce, da mutum biyar a bayanta. Akwai mai keke napep, da wasu mata biyu masu sharar ɗakin bautar, da mai sayar da kwakwa a ƙofarsa, sai wani ƙaton mutum mai dafa musu abinci. Ashe shekara goma sha biyu tana ba marasa lafiya haya, ta fi ni sanin dokar asibitin. Mai dafuwar nan ya san inda shinkafarsa take ƙarewa, don ta faɗa musu komai, amma shi ya fara naɗe hannun riga. Na kasa kallon fuskarsa.

Muna jira a benci na tambaye ta yadda aka yi. Ta ce duk shekarun nan ba ta taɓa roƙon ubangijinta komai ba, ko da mijinta yake kwance, wai wanda kake ƙauna ba ka kai masa kyauta kana leƙen hannunsa. Ranar Laraba ta roƙa a karon farko, mutum huɗu ta nema, sannan ta juya ta faɗa wa jama'a. Biyar suka miƙe. “Kin gani,” in ji ta, “har da gyara.” Ba ta faɗe shi da mamaki ba, kamar mai ba da labarin maƙwabcinta ta faɗa.

Jiya ma tare muka zauna a ƙofar ɗakin tiyata, tana jan nata carbin ina jan nawa.

Ga abin da ya tsaya mini. Ni ma ranar Larabar goshina a ƙasa yake ina roƙon mutum huɗu. Ita ta tabbata ita aka amsa wa, ni kuma na san Wanda na roƙa. Baba, addu'ar wa aka karɓa?

A gaida kowa da kowa.
'Yarka,
Rumaisa'u

Ƙaura Namoda
Litinin, 17 ga Fabrairu

Ɗiyata,

Wa alaikumus salam. Mun yi sujudar godiya, Innarki ta yi guɗa har maƙwabta suka shigo. Haushin da kika ji na yafe, da ni ne ma zan ji.

Mai amsawa ɗaya ne, wannan na sani. Amma saboda wa Ya amsa, bai yi shawara da ni ba, kuma shekara arba'in ina ba da fatawa ban taɓa ƙirƙira maSa magana ba.

Ki aiko mini da sunanta cikakke da na mutum biyar ɗin. Ki rubuta da manyan baƙi, ki nuna yadda ake faɗarsu. Zan riƙa yi musu addu'a bayan kowace salla, ba na so in ɓata sunan ko ɗaya.

Wassalam.
Mahaifinki,
Haliru