Saura Waya Ɗaya

Litinin, 3 ga Maris
Na gaji. Na dawo daga aiki na tarar da Baba yadda na bar shi, fuska a bango. Tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye ya daina magana da kowa, abinci ma cokali biyu ya ture. Likita ya ce jikin yana farfaɗowa, mai jikin ne ya ƙi. Ai na sani.

Alhamis, 6 ga Maris
Na zo kwashe tarkacen teburinsa don keken guragu ya samu hanya. Rediyon da yake haɗawa don nishaɗi yana nan buɗe, wayoyi birjik. Ina taɓawa ya buga katakon gado da hannun hagu. Wallahi sai da na zabura. To na bari!

Asabar, 8 ga Maris
Yaya ya bugo waya, wai in ƙarasa wa Baba rediyon ko zai saki jiki. Daga nesa shawara ba ta da wuya. Ni da ko ƙwan fitila ban taɓa canzawa ba.

Na dai jona ƙarfen narka dalmar. Na ƙone yatsa, hayaƙin ya sa min ciwon kai. Duk wayar da na liƙa, ina ja ta cire.

Laraba, 12 ga Maris
Ina ɗiga dalma a kan ƙafar wani ɗan abu mai kama da ƙwayar magani, ina hurawa don ta yi saurin sanyi, sai na ji daga bayana: "Kar ki hura, Uwata."

Harshen a karye, amma na ji sarai. Rabon da ya kira ni haka tun kafin ciwon.

"Ƙafar za ki gasa. Dalma ita za ta bi."

Na shiga banɗaki na yi kukana, na dawo na gasa ƙafar.

Lahadi, 16 ga Maris
Yanzu shi ke riƙe waya da hagu, ni ina liƙawa. Masifa kuwa kamar ya ɗauke ni aiki. Wai liƙina kamar kashin kaza. Ya cinye abincinsa tas don in yi saurin zama.

Juma'a, 21 ga Maris
Bayana kamar zai tsinke. Allah ya sa mu gama in huta.

Talata, 25 ga Maris
Saura waya ɗaya, ta lasifika. Ana liƙa ta an gama, kowa ya koma inda yake, ni wajen aiki, shi bango.

Na ce masa dalma ta ƙare, sai na samo. Ya daɗe yana kallon aljihun rigata, inda naɗin dalmar ya turo kai.

"Ba sauri," ya ce. "Akwai wani rediyon ma a ƙarƙashin gado. Ya fi wannan lalacewa."

Gobe zan jawo shi. Don ƙura kawai.