Ƙwan Zabin Inna da Moto Mai Taku

Laraba, 19 ga Yuni, 2024
Ƙwai goma sha ɗaya sun fashe. Ni na jawo. Tsohon firjin da na mayar injin ƙyanƙyasa yana riƙe ɗumi lafiya lau, matsalar juya ƙwan ce. Ina makaranta ina koyarwa tun safe har azahar, babu mai juyawa. Sai na ɗaura moton wata ƙaramar fanka a jikin farantin ƙwan. Ina kunnawa ya zabura, faranti ya bugi bango. Mijina Habu ya leƙo ya ce, "Maman Ilham, yau wainar ƙwai za mu ci ke nan." Ban yi dariya ba.

Asabar, 22 ga Yuni
Habu ya dawo daga Kiru da mataccen injin fotokwafi a bayan acaɓa. Abokinsa Sale ne zai jefar. Ya ajiye mini a tsakar gida, ina jin ban-haƙurin maganar waina ne. Na kwance shi kaf. Can ciki na ga abin: ɗan moto mai kusurwa huɗu, baƙi, da wayoyi huɗu. Na murza sandarsa da yatsa, na ji ƙas-ƙas-ƙas. Sitefa ne, moto mai taku! Rabona da taɓa shi tun ina karatu a foliteknik, shekara tara ke nan.

Talata, 25 ga Yuni
Bari in rubuta don kada ya sake ɓace mini.
Moton fanka in ka ba shi wuta gudu yake yi kawai, bai san inda zai tsaya ba. Wannan kuwa taku yake yi. A tsakiyarsa akwai maganaɗisu mai ƙananan haƙora, kewaye da shi naɗin waya kashi biyu. Ka ba kashin farko wuta, haƙoran su matso su daidaita da shi, su tsaya. Ka ba na biyu, su ƙara matsawa. Kowane bugun wuta, taku ɗaya. Taku ɗari biyu ne zagaye guda. Ina son faranti ya karkata daga wannan gefe zuwa wancan, rubu'in zagaye, wato taku hamsin. In ya tsaya kuma riƙewa yake yi gam muddin da wuta.
Shi ne ke jan takarda a fotokwafi layi ya faɗa inda ya dace. Shi ne a keken kwamfuta mai yi wa shadda aiki, da kyamarar da ke waiwaye da kanta. Duk inda ake son motsi a ƙirge.
Na aika Kano a kawo mini ɗan allon lantarkin da ke ƙirga masa bugun.

Lahadi, 30 ga Yuni
YA YI! Hamsin hagu, ya tsaya. Bayan awa biyu, hamsin dama. Na zauna ina kallon faranti babu ko ƙwai ɗaya a kai har tuwo ya kama.

Asabar, 6 ga Yuli
Inna ta Burumburum, wadda ke kawo mana nono tun aurena, ta zo yau babu ƙwaryar nono. Ƙwan zabi ne a kanta, ɗari da ashirin, cikin ƙaiƙayi. Bara ciwo ya shiga zabinta, cikin saba'in saura goma sha huɗu. Farare ne, irin da ta taho da shi daga gidan mahaifiyarta. Kajin da ke yi mata kwancin ƙwan su ma sun mutu. Wannan na kwana goma ne ta tara, bayansa kuma ba ta da tabbas.
Na ce, "Inna, ban taɓa gwada sabon moton nan da ƙwai ba fa."
Ta ce, "'Yata, in na bar su a gida ma ruɓewa za su yi. Gara su ruɓe a hannun mai ƙoƙari."
Na jera su ina bisimilla.

Alhamis, 11 ga Yuli
Na dawo daga makaranta na tarar faranti ya karkata fiye da kima, ƙwai sun taru gefe guda, biyu sun tsage. Moton kuma zafi kamar murfin tukunya. Na san abin da ya faru. Nauyi ya yi masa yawa, yana zamewa. Allo ya ce taka hamsin, ya taka arba'in da shida, kuma shi bai sani ba, allon ma bai sani ba. Aibinsa ke nan: ba ya waiwaye. Kuskuren yau ya hau kan na jiya.
Na yi kuka kaɗan a bayan ɗaki. Kaɗan.

Juma'a, 12 ga Yuli
Na kira Inna na faɗa mata gaskiya. Ta hau acaɓa ta zo kafin masallaci. Ta tsuguna ta kalli yadda yake juyawa, ta girgiza kai. Wai wannan fizga ce. Kaza ba ta fizgar ƙwai, da baki take turawa sannu sannu, kamar ba ta so ya farka.
Maganarta ce ta buɗe mini kai. Na ciro bel mai haƙora daga gawar fotokwafin, na sa ƙaramin gare a moto, babba a faranti. Yanzu taku ɗari biyu yake yi maimakon hamsin, kowanne ɗan mitsitsi, ƙarfinsa ya ninka huɗu. Na rage gudun. Na kuma dasa ɗan makunni a ƙarshen hanya, duk sanda faranti ya taɓa shi ƙirga ta koma farko. Ko ya zame, ba zai tara ba.
Inna ta sake kallo, ta ce, "Yauwa. Yanzu ya zama kaza."

Talata, 23 ga Yuli
Kwana biyu hadari, sola ba ta ci ba. Habu ya cire batirin shagonsa ya kawo ba tare da na roƙa ba. Na haska ƙwan da tocila, akwai motsi a ciki.

Laraba, 31 ga Yuli
Kwana ashirin da biyar. Na kashe moto, daga yau babu juyi. Na ƙara ruwa a kwano. Gidan ya yi shiru ba ƙas-ƙas.

Juma'a, 2 ga Agusta
Da hantsi na ji tsiyau-tsiyau. Ɗaya. Kafin la'asar, talatin da bakwai.

Asabar, 3 ga Agusta
Ɗari da uku! Na ƙirga sau uku, Habu ya ƙirga nasa. Ɗari da uku cikin ɗari da sha takwas. Inna ta shigo, ta ga kwali cike da su suna hawan juna, ta dafe bakinta da gefen zane. Ta ɗauki ɗaya ta kai kunnenta, tana yi masa magana da Fillanci. Matan unguwa suka cika gidan, Fatima maƙwabciyata ta rangaɗa guɗa. Habu na tsaye a ƙofa yana yi wa maza bayanin taku ɗari biyu, duk ya cakuɗa lissafin. Na bar shi.
Inna ta ware goma ta ce nawa ne. Na ƙi. Ta ce in ban karɓa ba, ba za ta ƙara taka gidan nan ba. Na karɓa.

Lahadi, 18 ga Agusta
Wata mata ta kira daga Doguwa, A'isha, shugabar matan da ke kiwon kaji a can. Suna son inji uku. Ta ce, "Don Allah da Injiniya Saude nake magana?" Kowa Malama yake ce mini, kuma da na ji an yabi abin nakan ce ai wasa ne kawai nake yi. Yau sai na ji bakina ya ce, "Ita ce." Ba komai ba ne, saurin amsa waya ne.
Na dai ce wa Sale duk fotokwafin da ya mutu tsakanin Kiru da Bebeji, kada ya bari a jefar.